Sunan Malam a Kan Buzuzu

Wurno,
watan Safar.

Zuwa ga angona Musaddiƙ, mai karatun ƙwari a Badun.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lahiya kamar yadda muke nan. Gwiwata ta hagu ce kaɗai ba ta shiga sulhu ba, kullum da safe sai mun yi cacar baki kafin ta yarda in miƙe. Kawunka Babba lahiya lau, da matarsa Asabe da ɗiyansu. Nana ta yi zazzaɓi ta warke, yanzu tana rama duk abincin da tab bari. Salima kuwa ta samu mai so, wani malamin makaranta ɗan Rabah, kullum tana gaban madubi sai ka ce ita taf fara yin fuska a duniya. In ka tahi Ikko ka gaida uwarka, ka ce mata har yau ina raye, ko ta manta.

Tun da anka yanke muna layin waya saboda mutanen daji, Mode direba ne gidan wayarmu. Ya kai albasa kudu, ya dawo da takardarka duk ta jiƙe da manja. Na karanta ta da tabarau, nis sake karantawa ba tabarau, ko zan ga wani abu daban.

Ka ce buzuzun nan da kat tono bara a gonar kakanka Malam ta Lahodu, lokacin da Gajere makiyayi yaz zauna da shanunsa don taki, ka jera shi da na Rabah da na Goronyo da duk 'yan'uwansa da ke soke cikin akwatunan jami'arku, ba ka ga irinsa ba. Wai duk duniya ba wanda yat taɓa raɗa mashi suna. Kuma wai kana neman izinina ka sa mashi sunan kakanka, Allah ya jiƙansa.

To mi kake jira? Sa mashi mana! Ai ko ni, ranar da kan nuna mani shi cikin kwalba, sai da gabana yaf faɗi, nic ce wanga na san shi. Ƙwaro ne ɗan gajere, baƙi wuluk, shina sheƙi kamar an shafe shi da man shanu, ga ƙaho biyu a goshi kamar girar Malam in ya ɓata rai. Kuma in ya sunkuya kan aikinsa, ko kiran tuwo ake ba ya ɗago kai. Shekara da shekaru ina zaune ɗaki ɗaya da irinsa. Ka sa mashi, ka yanka rago, ka aiko mani da kai da ƙafa. In kuma ka tono macen mai baki da yawa, ka aje mani ita, kada uwarka ta riga ni.

Kai dai Allah ya shirya ka. 'Yan'uwanka na karatun likita da alƙalanci, kai ka tahi har ƙasar Yarbawa koyon bin bayan saniya, abin da Gajere ke yi ba tare da ya taka aji ba. In 'yan mata sunka tambaye ni aikin angona sai in ce babban sirri ne na gwamnati.

Ga ƙuli-ƙuli da yaji da busasshen kifin Goronyo na ba Mode. In ya ce ba a ba shi kifi ba, ka sunsuni bakinsa.

Ka riƙa salla kan lokaci. Wassalam.

Amaryarka mai haƙora huɗu,
Maimuna.


Ibadan,
watan Rajab.

Zuwa ga Hajiya Kaka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da ladabi, ina tambayar gwiwa. Ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ki rage zama a kan tabarma. Ni lafiyata ƙalau. Umma tana gaishe ki, ta ce ba ta manta ba. Kifi ya iso, amma rabi.

Kaka, albishirinki. Ya fito!

Da takardarki ta zo, aikin duk ya kammala, suna kawai ake jira. Na karanta inda kika siffanta Malam, sai na ji hawaye, domin haka nake tuna shi, a sunkuye kan littafi a zaure. Ban taɓa samun damar yi masa wani abu ba yana raye. Washegari na gaya wa farfesata kin yarda, muka aika. Yanzu mujallar ta buga. Sunan ƙwaron ya ƙare da maccidoi, wato “na Maccido”, sunan Malam ke nan, a harshen Latin, wanda da shi ake raɗa wa kowace halitta suna.

Kin sha tambayata menene aikin nan. Sake tsara dangi ne. Magabata sun raɗa wa buzuzu sunaye da yawa, wani lokaci cikin gaggawa. Sai a ga biyu da aka raba ashe ɗaya ne, ko ɗaya da aka haɗe ashe uku ne. Nawa shi ne in bi su ɗaya bayan ɗaya in mayar da kowa gidansa. Haka masu itatuwa suka yi: gawo da bagaruwa da ɗakwara a da gida ɗaya ake lissafa su, yanzu kowa da nasa. Wahalar buzuzu ita ce ƙaho yana yaudara, wanda ya ƙoshi tun yana tsutsa ƙahonsa ya fi girma, alhali uwarsu ɗaya da mai ƙarami. Don haka, ki gafarce ni Kaka, sai an buɗe namijin an duba gabansa a madubin ƙara girma. A nan ne na Lahodu ya bambanta da kowa. Na zana shi da hannuna, yana shafi na biyu.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne dokar aikinmu: suna in an buga shi ya zauna ke nan. Ni da na raɗa ma ba ni da ikon gogewa. Bayan mu duka mun tafi, wani a wata ƙasa zai ɗaga ƙwaron nan ya ambaci sunan Malam.

Na ba Mode kwafi biyu, ɗaya naki, ɗaya na Kawu Babba Umar Faruk, na sa nasa a babban ambulan da hoton ƙwaron mai launi. Ban gaya masa komai ba tukuna, na so ya zama abin mamaki. Ragon suna kuwa sai na zo bikin Salima mu yanka tare. Macen da kika ce in ajiye miki ina nan ina nema.

Ki sa ni a addu'a.

Jikanki,
Musaddiƙ.


Wurno,
watan Sha'aban.

Musaddiƙ,

Salamu alaikum. Muna lahiya, in ana kiran wannan lahiya. Gwiwa ta yi sauƙi, ko kuma na daina jin ta, ban sani ba. Layin waya ya dawo, amma kada ka kira. Ka san kunnena, sai an buɗe murya gida duka na ji.

Ɗan nan, wasa nike.

Wallahi wasa nike, kuma na zaci kai ma wasa kake. A garin ga, jika ya ce zai sa ma buzuzu sunan kakansa, wannan tsokana ce mai kyau, irin wadda ake ramawa. Har daɗi nij ji, nic ce a raina to, yaron da Ikko tab ɓata, mai durƙusa mani kamar ya zo neman aiki, yau ya koyi wasa da kakarsa. Shi yas sa niz zage nir rama maka. Ina zan san akwai mutane masu hankali, da gemu da albashi, da ke zama su yi ma ƙwaro suna a rubuce?

Bari ka ji abin da yaf faru, don kunyar ta yi mani yawa ni kaɗai.

Mode ya kawo ambulan ɗin ne ranar da dattijan Rabah sunka zo sa ranar Salima. Suna zaune a zaure, an ci an sha, an yi addu'a. Kawunka ya buɗe, yag ga sunan ubansa cikin rubutun Turawa, ga hatimi ga komi. Ka san shi Larabci yas sha, bokonsa na sa hannu ne. Sai yam miƙe tsaye yac ce, “Jama'a, ɗan ƙanwata da ke jami'a ya sa sunan Baba cikin littafin masana na duniya.” Anka yi kabbara. Yam miƙa ma Malam Ismail, wan uban angon, tsohon hedimasta, yac ce ya fassara ma mutane.

Asabe na bayan ƙofa da tiren shayi, ita tab ba ni labari. Ta ce Malam Ismail ya gyara tabarau ya fara da murya kamar mai huɗuba, sai murya tar riƙa ƙanƙancewa, har yay yi shiru. Kawunka yac ce, “Ci gaba mana, Malam.” Yac ce, “Alhaji, ko mu bari sai an watse.” Kawunka yac ce, “A'a, abin alheri ba a ɓoye shi.” Bawan Allah yay yi gyaran murya yac ce, “To, an ce ana samun shi Maccidon ga ƙarƙashin ɗanyen kashin saniya, kuma ya fi son na safe.”

Wani tsoho mai nauyin kunne yac ce, “Wa?” Dole anka maimaita mashi da ƙarfi.

Sannan takarda taz zaga hannu hannu, sunka kai shafi na biyu. Wani yat tambaya wanga zanen ƙugiya ce ko mi. Malam Ismail ya karanta abin da ke ƙarƙashi, yar rufe takarda, yac ce lokacin la'asar ya yi. Rana ko tana tsaka.

Musaddiƙ, gaban surukai! Malam da mutane ke tasowa daga Sisawa da Shinaka su ɗauki karatu gabansa. Kafin kasuwar Goronyo ta ci labari ya riga 'yan kasuwa isa. Shekaranjiya ɗiyan maƙwabta sun ga buzuzu bakin ƙofar gida, naj ji ɗaya na cewa a ba Malam hanya. Da can ni ce mai ba su tatsuniya. Na ja mayafi nik koma ɗaka.

Da baƙi sunka tahi, kawunka ya shigo tsakar gida da takardar a hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai yi ihu ba, da ma ihun yay yi. Cewa yay yi, “Yaron ga bai tambayi kowa ba? Ba wanda yas sani cikin gidan ga?” Ina zaune ina tsince shinkafa. Ni da ake cewa ko a kabari sai an roƙe ni in yi shiru, ban ɗago ba. Na tsince shinkafar nan har ba sauran tsakuwa, nik koma ina tsince shinkafa cikin shinkafa.

Ya yanke magana: ba ka taka gidan ga ba, ba biki ba salla, sai ranar da anka cire sunan ubansa daga kan abin nan. Ya kira uwarka ya faɗa mata haka, an ce ta yi kuka.

Ka ce ba a gogewa. Ban yarda ba. Ni na yi makarantar yaƙi da jahilci, na san duk abin da anka rubuta akwai abin goge shi. Ku da kunka iya fitar da gawo daga gidansu, babban icce kamar wannan, ƙwaro zai gagare ku? Ka roƙi farfesarka. Ka ce tsohuwa ce tay yi ɓarna.

A'a, kada ka ce haka. Kada ka gaya ma kowa ni nic ce ka sa. Ka san tsakanina da kawunka, ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, ko ido ba mu haɗawa. Ya ji cewa ni nis siffanta ubansa da buzuzu, ina zan sa kaina?

Kada in sake ganin takardarka sai da labarin an goge.

Kakarka.


Wurno,
bayan ƙaramar salla.

Musaddiƙ, ɗan albarka,

Salamu alaikum. An sha ruwa lahiya, an yi salla lahiya. Ina fatan kai ma haka. Tari ya kama ni cikin azumi, ya sake ni.

Mode ya tahi ya dawo, ya sake tahiya ya dawo, kullum hannu wofi. Ya ce ya gan ka, ka rame, ka karɓi saƙo ka ce a gaishe ni, shi ke nan. Azumi guda ko barka da shan ruwa.

Na san fushi kake, kuma kana da gaskiya. Ka yi abu don girmama kakanka, ka nemi izini kamar ɗan halas, an ba ka, sannan anka kore ka daga gida, wadda tab ba ka izinin na zaune tana tsince shinkafa. Ranar salla an zuba tuwo, Nana tac ce bara war haka Yaya Musaddiƙ na nan shina tsoron yaji. Na ture kwanon tuwo nik koma ɗaka.

Sai jiya ina shafa man zafi wani tunani yaz zo mani. Na ce maka kada in ga takardarka sai da labarin an goge. Kada dai shi ma ka ɗauke shi yadda yake? Kai wane irin yaro ne, komi anka miƙa maka sai ka haɗiye da ƙashi? In na ce zan kashe ka sai ka aiko da likkafani?

Ka rubuto. Ko zagi ne ka rubuto, ni na san yadda ake karanta shi.

An sa bikin Salima sati biyu bayan babbar salla. Mutanen Rabah ba su fasa ba, sai dai an ce Malam Ismail in ya hangi shanu sai ya sauya hanya.

Kakarka mai jiran amsa,
Maimuna.


Ibadan,
watan Zulƙida.

Zuwa ga Hajiya Kaka.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da tari. Ni lafiya, ramar ta karatu ce.

Ba fushi nake ba, Kaka. Kin ce kada in rubuto sai da labari, ni kuma ba ni da shi. Kuma kunya ta hana ni. Na sake karanta takardarki ta farko, yanzu ina jin dariyarki a kowane layi, har ina mamakin yadda ban ji ta ba a da. Ina iya raba ƙwari biyu da ba mai raba su, amma ban iya gane kakata tana wasa ba. Laifin nawa ne. Ko da kin yarda da gaske, ya kamata in tambayi Kawu. A nan, a sa wa ƙwaro sunan mutum girma ne da farfesoshi ke fata. Na manta yadda zai sauka a zauren Wurno.

Na tambayi farfesata. Ta ce ba a janye suna don iyali ba su so. Amma akwai hanya ɗaya, kuma ban gaya mata ita ba.

Akwai wani buzuzu da wani Bature ya raɗa wa suna tun kafin a haifi Malam, daga gefen tafkin Chadi. A ido shi da na Lahodu kamar tagwaye ne. A dokarmu, in aka gano sunaye biyu na halitta ɗaya ne, tsohon ne ke tsayawa, sabon ya koma ƙarƙashinsa a daina kiransa. Babban aikina na sake tsara dangin zan miƙa shi bayan salla. In na rubuta a ciki cewa na sake dubawa na ga na yi kuskure, na Lahodu shi ne na Chadi, to sunan Malam ya sauka. Zai rage a ƙananan haruffa inda ba mai dubawa, Kawu kuma zai iya cewa a zaure an cire.

Sai dai ba gaskiya ba ne. Na aro na Chadi, na buɗe, na sake buɗe na Lahodu, ina addu'ar in ga sun zama ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Ko yaro aka nuna wa a madubi zai ga bambancin. Farfesa ta yarda da idona, ba za ta sake dubawa ba, kuma masu aikin dangin nan a duniya ba su da yawa, ana iya shekaru ba a gane ba. In an gane, ba wanda zai sake yarda da wani abu da na rubuta. In ba a gane ba, duk wanda ya zo bayana zai ɗora aikinsa a kan karkataccen tubali.

Na riga na rubuta layin. Yana nan a gabana, ban sa shi ciki ba. Umma ba ta iya kiran yayanta, ke ba kya fita ƙofar gida, duk saboda ni. In kin ce in sa, zan sa, in zo biki in durƙusa gaban Kawu. Maganar izini kuwa ba mai jin ta daga bakina har abada.

Wannan karon ki faɗa mini a fili, Kaka. Kin san ni.

Jikanki,
Musaddiƙ.


Wurno,
farkon Zulhajji.

Angona,

Salamu alaikum. Muna lahiya. Gwiwa ta dawo bakin aikinta, tari ya tahi. An fara dakan biki, gida duk ƙaiƙayi. Ragon layyar kawunka ya tunkuyi Asabe, ba ta ji ciwo ba, rago ne ke ɗingishi.

Ka ce in faɗa a fili. To buɗe kunne, ba wasa cikin wanga layi: kada ka sa. Ka yaga shi.

Ba zan ɓoye maka ba, da nik karanta takardarka farin ciki nif fara yi. Nic ce alhamdu lillahi, ga ƙofa. Har na ɗauko biro. Sai nit tuna wata shekara da ƙanen Malam yaz zo shina son ya yi mashi shaidar iyakar gona, taku kaɗan ne ba nasa ba. Malam yac ce bai gani ba, ba ya cewa ya gani. Sunka daɗe ba su gaisawa, ni nis sha wahalar kai tuwo gida biyu. Wannan mutum za mu ɗauke sunansa daga kan kashin saniya mu aza kan ƙarya? Kashin ko gero yake fiddawa. Kuma kai ka yi ta ramewa kana shirin ɓata aikinka, don wata tsohuwa ta samu ta ci gaba da tsince shinkafa.

Jiya da hantsi kawunka na zaune gindin darbejiya shina shan kunu, Asabe na shara. Na fito nid dafa bango. Ban iya kallonsa, sai nik kalli Asabe.

Nic ce, “Asabe, ki gaya ma mai gidanki ina da magana.”

Tac ce, “Inna, ga shi nan zaune.”

Nic ce, “Na gan shi, ba makauniya nike ba. Ke nika gaya ma. Ki ce mashi yaron nan ya nemi izini. Wurina yan nema, tun Safar, kuma ni nib ba shi.”

Ludayi yat tsaya a hanya. Can yac ce, shi ma Asabe yake kallo, “Tambayi Inna, ta san ko mine ne abin?”

Nic ce, “Ki ce na sani, na gan shi cikin kwalba. Na zaci wasa ne. Yaron bai san wasa ba, ni kuma ban san akwai ranar da ba a yin shi ba.”

Yac ce, “Tambaye ta mi tar rubuta.”

Musaddiƙ, da ƙasa ta tsage da na shige har da bangon. Amma na riga na fito. Na faɗa. Gajere, baƙi, sheƙi, kiran tuwo, duka. Da nik kai kan ƙaho da gira, Asabe tay yar da tsintsiya, tat tura bakin zane cikin baki, tar ruga ɗaka kafaɗunta na rawa. Munka rage ni da shi, ba mai kai saƙo. Ni ina kallon akuya, shi shina kallon kunu. Nic ce ma akuyar, “Yaron ya ce zai rubuta ƙarya a cire sunan, in an so. Ni ban so ba. Wanda ke da fushi ya kawo shi ɗakina, nan ne gidansa.”

Ya aje kwano bai shanye ba, yas sa takalmi yaf fita. Bai dawo cin rana ba.

Bayan la'asar naj ji tafiyarsa ta tsaya bakin ƙofata. Bai shigo ba. Yac ce, “Asabe,” alhali Asabe na can maƙwabta, “a gaya ma Inna yaron ya zo biki. Kuma kada ya rubuta ma Baba ƙarya. Maganar izini ta tsaya cikin gidan ga.”

Allah sarki. Bai san mi Asabe tat tahi yi maƙwabta ba. Yau tun da safe mata ke shigowa gaishe ni da gwiwa, har waɗanda ba su san wace ƙafa ce ba. Su zauna, su kalle ni, su kalli hoton Malam da ke bango, su ce Allah ya ƙara sauƙi, su fita da gudu. Wata ƙawata tun ta ƙuruciya ta aiko daga Goronyo wai a tambaye ni ko gaskiya ne ya fi son na safe. An bar ka, an bar kawunka, yanzu ni ce kasuwa. Ya yi daidai. Na yi shekaru ina ba da labarin mutane, ban taɓa sanin haka zama cikin labari ke da zafi ba.

Kada ka zaci an gama. Kawunka bai ce ya yafe ba, cewa yay yi ka zo. Zai amsa gaisuwarka, ƙila shina kallon wani wuri. Ka durƙusa da kyau, wannan dai ka iya. Ka gaida Malam Ismail, ka ba shi haƙuri. In mutane sunka tambaye ka aikinka ka faɗa masu da bakinka, ban da shafi na biyu. Ka kira uwarka ka ce ta shirya ku taho tare. Ka miƙa aikinka yadda idonka yag gani, na Lahodu gidansa daban, na Chadi gidansa daban.

Mutanen Wurno zan iya da su, kafin damina ta ƙare wani zai yi abin da yaf fi nawa. Wanda ban shirya ma ba shi ne kakanka. Shekaruna sun ja, ba da jimawa ba za mu haɗu, kuma na san shi, ba zai yi faɗa ba. Ɗago kai zai yi daga littafi, ya dube ni, ya ce, “Maimuna, mi nij ji?”

Kai ne mai karatu. Ka fara tsara mani amsa tun yanzu, ka taho da ita.

Amaryarka,
Maimuna.